Abin da ya sa na ajiye alli tun lokacina bai yi ba

Na ajiye aikin koyarwa a ƙarshen shekarar 2023, ina da shekara 54 a duniya. A tsohon lissafin gwamnati, wanda ya ce ma'aikaci zai tafi in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, saura mini shekara huɗu. A sabon lissafin da aka yi wa malamai kuwa, saura tara. Ba korata aka yi ba, ban yi wa kowa laifi ba, ba kuma wani aikin na samu da ya fi wannan ba. Da hannuna na rubuta takardar, da ƙafata na kai ta ofis. Har yau in na zauna a majalisa sai an sami mai tambayata, "Malam, wai me ya yi zafi?" Mutane sun saba ganin ma'aikaci ya je kotu ya yi rantsuwar rage shekaru don ya ƙara daɗewa a kan albashi. Mai tafiya da kansa ne ba su saba gani ba. Shi ya sa nake son in ba da labarin tun daga tushe, domin na san ire-irena suna da yawa, sun dai yi shiru ne.

Ni ɗan UPE ne. A 1976, da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ake kira UPE, mai unguwarmu ya bi gida-gida yana rubuta yara, mahaifina ya miƙa ni ba da son ransa ba. Malamin da ya karɓe mu a aji ɗaya a kan keke yake zuwa, kuma in ya ratsa kasuwa dattawa ne ke fara gaishe shi. Shi ke karanta wa mutanen gari wasiƙa, shi ake kira in za a auna gona. Tun a lokacin na ƙudurta a raina cewa ni ma abin da zan zama ke nan. Na shiga kwalejin horon malamai na sami takardar malanta mai daraja ta biyu, na yi 'yan shekaru ina noma ina koyarwar sa-kai, sannan a 1992 aka ba ni takardar kama aiki. Da aka ce NCE ce mafi ƙarancin takardar da malami zai riƙe, na koma karatu ta cibiyar horar da malamai ta ƙasa, wato NTI ta Kaduna, Asabar da Lahadi da lokutan hutu, da kuɗin aljihuna.

Ƙarancin albashi ba shi ya fitar da ni ba, kuma ina son a fahimci wannan da kyau. Mun ga lokutan da malamin firamare zai yi watanni ba a biya shi ba, muka ci bashin hatsi a wurin 'yan kasuwa, muka ci gaba da zuwa aji. Wanda ya shiga koyarwa ya san ba arziki ya zo nema ba. A wancan lokacin ajina bai wuce yara arba'in da 'yan kai ba, kowa na da wurin zama a benci, na san sunan kowane yaro da na ubansa da gidansu. In yaro ya yi kwana biyu bai zo ba, da yamma zan bi ta ƙofar gidansu. Ana tashi na san na yi aiki, kuma ina ganin aikin a littattafan yaran. Wannan ne ya riƙe ni shekara da shekaru.

Ajin ne ya canza a hannuna, a hankali da farko, daga baya da gudu. Gari ya cika ya batse, unguwanni suka ƙaru, ba a ƙara gina azuzuwa ba. Malamai suna ritaya, suna rasuwa, ba a maye gurbinsu. Da aka fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a 2016, yara suka yi ta kwararowa. Abin farin ciki ne, domin yaro mai yunwa ba ya karatu, kuma na ga yaran da abincin nan ne ya raba su da talla. Amma an kawo yara ba a kawo malami ba, ba a kawo benci ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ajin da na riƙe a shekarun ƙarshe a cikin gari ya haura 130.

Wanda bai taɓa shiga irin ajin nan ba ba zai gane ba. Bencinan sun karye an jibge su a bayan aji, yara a ƙasa suke zaune, gwiwa na gogar gwiwa, tun daga bango har gindin allo. Wurin da ya rage mini in tsaya bai fi taku biyu ba, sai in karkace in yi rubutu don kada in taka yatsun na gaba. Waɗanda suka makara suna kan taga, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Simintin ƙasa ya farfashe ya koma turɓaya, da yara sun motsa ƙura ta tashi ta haɗu da garin alli. Silin ya zube tun tuni, a watan Maris da Afrilu kwano na gasa mu tun ƙarfe goma sha ɗaya, in damina ta zo kuma ƙarar ruwa a kan kwanon kaɗai ta isa ta tsayar da darasi. Kiran rajista yakan cinye rabin darasin farko. Littattafan aiki kuwa a buhu nake ɗaure su a bayan babur, in yi ta dubawa bayan isha'i da fitilar waya har idona ya fara ruwa. Duk da haka sai in tarar yaro ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, kuma ban ma san ajina yake ba sai da na ga sunansa. Wannan ya fi komai ci mini rai. Ina fita gida tun da sassafe, ina dawowa a gajiye liƙis, amma na daina ganin abin da nake shukawa.

Muryata ce ta fara ba ni sanarwa. Don yaron da ke jikin bangon baya ya ji, sai na yi ihu, daga safe har tashi, kwana biyar a mako. Da farko ranar Alhamis take dashewa ta dawo ranar Lahadi. Daga baya ta daina dawowa gaba ɗaya. Na sha citta da kanumfari da zuma har na gaji, na koma ina buga sanda a kan tebur maimakon in ce a yi shiru. Limancin sallar magariba da nake yi a masallacin unguwarmu ma sai da na bar wa wani. Da na je asibiti, likitan maƙogwaro ya leƙa ya ce igiyoyin muryar sun kumbura saboda yawan ɗaga ta, ya auna ni ya ce ga hawan jini kuma. Ya ce, "Malam, maganin da zan rubuta maka taimako ne kawai. Babban maganin shi ne ka rage magana da ƙarfi, ka nisanci ƙura." Na ce masa, "Likita, ai aikin nawa ke nan gaba ɗaya."

Ban yi tunanin barin aiki ba a lokacin. Abin da na yi shi ne na rubuta takarda ta hannun hedimasta zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu, na haɗa da takardar likita. Ban nemi a zaunar da ni ba aiki ba. Na roƙi a raba ajin gida biyu, ko a rage mini darussa a ba ni aikin zama da sababbin malamai ina nuna musu yadda ake shirya darasi da koyar da karatu, tunda da yawansu an turo su ne ba wanda ya taɓa tsayawa a kansu. Na bi sawun takardar har na gaji. Kullum amsar ita ce tana kan tebur.

A tsakiyar wannan hali ne, ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Buhari ya yi shelar cewa za a ƙara wa malamai shekarun aiki zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, tare da alkawarin tsarin albashi na musamman da alawus ga masu koyarwa a karkara. A watan Afrilun 2022 ya sa hannu a dokar ƙarin shekarun. Na tuna yadda muka yi ta murna a ɗakin malamai, ni ma da ni, domin ina da yara a makaranta kuma shekara biyar ta albashi ba abin rainawa ba ce. Wata malama da ta girme mu duka ce kaɗai ba ta ce komai ba. Da aka matsa mata sai ta ce, "Shekara biyar ɗin a wane ajin za a yi ta? A wannan?" Dariya aka yi aka watse, amma maganarta ta zauna mini. Ƙarin shekarun ya zo, sauran alkawuran kuwa ni dai ban gan su a takardar albashina ba har na tafi.

Amsar da na samu daga ofis a ƙarshe ita ce canjin wurin aiki. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da na Kagara da 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, malaman da ke ƙauyukan bakin daji suka yi ta neman hanyar dawowa gari, kuma ban ga laifinsu ba. Makarantun can suka zama kango. Da aka tashi cike gurbi, masu uwa a gindin murhu suka tsira, aka kwashi irinmu. An ce mini ana bukatar gogaggen malami a can. Na karɓa, na ce wataƙila yaran ba su kai na gari yawa ba, muryata ta huta.

Mu uku na tarar za mu riƙe aji shida. Sai in ba 'yan aji uku aikin kwafa, in ruga aji huɗu, in dawo in tarar ana dambe. Hanyar kuwa ta burji ce mai ramuka, ga rafi da sai an sauka an tura babur in ruwa ya sauka. Mai shekara hamsin da ɗoriya ba ya jure girgizar da ɗan talatin ke jurewa. Bayana ya riƙe, in na sauka daga babur sai na dafa bango na ɗan jima kafin in miƙe sosai. Kowace safiya bayan sallar asuba sai na kira wani dattijo a ƙauyen na tambaye shi, "Baba, yaya hanya?" Wata rana ya ce, "Lafiya lau, Malam, ku taho." Wata rana kuma ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yau ku dakata, an ga baƙin fuska jiya da dare." In na dakata, mai duba makarantu ya rubuta ban zo aiki ba. In na tafi, uwargidana ba ta iya cin abinci sai ta ji ƙarar babur a ƙofar gida.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Lita biyu nake ƙonawa zuwa da dawowa. Da na zauna na buga lissafi, kusan naira 25,000 ke tafiya a mai kowane wata, ban da gyaran babur, ban da maganin hawan jini, alhali a lokacin mafi ƙarancin albashi na nan a naira 30,000 da aka sa tun 2019. Bayan banki ya cire bashinsa, abin da ke saura ba ya kai mu tsakiyar wata. Gonar da na gada, wadda da nake zuwa da yamma, na daina samun ƙarfin zuwa, sai na biya 'yan ƙwadago.

Duk wannan da na lissafa, da ana ganin mutuncinmu, ina jin da na ƙara daurewa. Tun bayan jarrabawar da aka yi wa malaman firamare a Kaduna a 2017, aka sallami 21,780, kallon da ake yi wa malami ya canza har a jihohin da ba a yi ba. Ban musa cewa akwai waɗanda ba su cancanci riƙe alli ba, na zauna da su, na san yadda 'yan siyasa suka cusa su. Amma sai aka haɗa mu duka aka yi mana kuɗin goro, tsofaffinmu kuma aka fi sa wa ido, kamar mu ne muka tare hanya.

Ranar da zuciyata ta yanke ita ce ranar wata tantancewa. Ba na adawa da tantancewa, domin ma'aikatan bogi suna cinye haƙƙinmu ne. Yadda ake yin ta ne ke da ciwo. Aka tara malaman ƙaramar hukuma gaba ɗaya a fili, ba rumfa, ba kujera, kowa rungume da fayil: takardar kama aiki ta farko, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, shaidar haihuwa, lambar BVN. Na ga mata masu jego, na ga dattijon da ya koyar da wasu daga cikin masu tantancewar yana zaune a kan dutse yana fifita da fayil ɗinsa. Tun safe sai bayan la'asar layi ya zo kaina. Na ɗora babban yatsa a kan na'ura ta ƙi karɓa. Na goge a riga, na sake, ta ƙi. Shekara talatin na alli da fartanya sun cinye zanen yatsun. Na fara yi wa yaron da ke kan kwamfutar bayani, muryar ta ƙi fita, sai iska. Bai ko ɗago ya dube ni ba ya ce, "Baba, in jiki ya gaji ai sai a huta. Ga yara nan da digiri suna zaune a gida, ku ba su wuri mana." Na tattara takarduna na ce, "Ɗana, ba roƙo na zo yi ba." Sunana ya fita a cikin waɗanda ba a tantance ba, aka riƙe albashina wata biyu kafin a gyara.

Na san yaron bai fi sa'ar ɗana na fari ba, kuma na yafe masa. Maganar da ya faɗa ba tasa ba ce shi kaɗai, abin da ake faɗa ne a ofisoshi a bayan idonmu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne gwamnatin da ta ce in ƙara shekara biyar saboda tana bukatar gogewata, ita ce kuma a wurin aiki ba ta tanadar wa mai shekaruna ko kujerar zama ba.

Shawarar ba ta zo da sauƙi ba. Yayana ya yi ta faɗa. Ya ce, "Kai ba ka ga yadda 'yan fansho ke fama ba ne? Mutum ya shekara nawa yana jiran giratuti, wani har ya mutu bai karɓa ba. Aikin gwamnati ba a barin sa, shi ke barin mutum." Gaskiya ya faɗa, kuma wannan tsoron ne ke riƙe da dubban tsofaffin ma'aikata a bakin aiki alhali jikinsu ya gama. Na san malamin da ciwon suga ya ci idonsa, yaro ke karanta masa abin da ke cikin littafi, amma ba zai iya tafiya ba don bai san me zai ci ba. Uwargidana kuwa cewa ta yi, "Malam, in wani abu ya same ka a hanyar nan, su za su turo wani malamin. Mu wa za a turo mana?" Na yi istihara, na ba da sanarwar wata uku kamar yadda ƙa'idar aiki ta tanada. Babu wanda ya kira ni daga ofis ya tambayi dalili. Hannu kawai aka sa aka buga hatimi.

Akwai abokina da muka yi kwaleji tare, ya girme ni da shekara uku, gwiwoyinsa sun fi bayana lalacewa. Shi ya karɓi ƙarin shekarun, yana nan yana koyarwa har yanzu, kuma da daɗin rai. Albashinmu ɗaya, jiharmu ɗaya. Bambancin shi ne hedimastansa mutum ne mai lura. Ya mayar masa da darussansa na safe kafin rana ta yi zafi, ya sa aka kai masa kujera da tebur gaban aji, ya haɗa shi da wata sabuwar malama tana yi masa rubutu a allo shi kuma yana koya mata aiki. Ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar ta saya masa 'yar lasifika mai caji da yake ratayawa a wuya. Ba a kashe wani kuɗin a zo a gani ba. Duk lokacin da na ziyarce shi na ga yadda matasan malamai ke zagaye shi da tambayoyi, sai in ji wani abu ya tsaya mini a ƙirji, domin abin da na roƙa a takardata ke nan, kusan kalma da kalma.

Yanzu ina gona da safe. Fansho ya fara shigowa bayan watanni na jira, giratuti kuwa fayil ɗina na cikin layi. Mun rage abubuwa da yawa a gida, ɗana na biyu ya dakatar da karatunsa na shekara guda ya kama aikin gyaran waya kafin ya koma. Muryata ta dawo, ba kamar da ba, amma na koma limancin magariba. Da yamma yaran unguwa goma sha wani abu suna zuwa zaurena ina koya musu karatu da lissafi, mai hali ya ba da abin sabulu, marar hali ya zauna. Akwai yarinyar da ta zo ba ta san harafi ko ɗaya ba, kafin damina ta fita tana karanta mini labari daga littafin 'yan aji uku. Alhamdu lillahi. Amma ba zan ɓoye ba, ina kewar makaranta, kuma na san ina da sauran abin bayarwa da ya fi ƙarfin zaure.

Makarantar ƙauyen da na baro, su biyu suka rage a kan aji shida. Ɗayarsu mace ce da ta haura hamsin, 'yar garin ce, shi ya sa ba ta da inda za ta gudu. Kwanakin baya ta zo gaishe da uwargidana, bayan sun gama ta ce a yi mata sallama da ni. Ta ce, "Malam, so nake ka nuna mini yadda ake rubuta takardar nan ta barin aiki da ka rubuta." Muryarta a dashe take. Na ce ta ba ni lokaci tukuna. Na ɗauke ta muka je wurin shugaban ƙungiyar malamai na ƙaramar hukumarmu, na kuma samu dagacin garin da shugaban kwamitin makarantar, muka rubuta takarda ɗaya da sa hannun iyaye muna neman a turo malamai ko da biyu ne, a kuma gyara rufin aji ɗaya da iska ta yaye. An karɓa an ce za a duba. Har zuwa yau ba a turo kowa ba, ita kuma ba ta miƙa tata takardar ba tukuna, ta ce za ta jira ta ga ƙarshen wannan zangon.